Tarwaɗar Duro na Shida

Mode ɗan ga-ruwa ne, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba tun ranar da ya baro ƙauyensu na bakin gulbi ya shigo Sakkwato cin rani, ranin ya ƙare shi bai koma ba. A Ƙofar Taramniya ya sauka, nan ya yi aure, nan ya tsufa, nan aka binne shi 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka saboda sandar da yake rataya garwa biyu. Magana kuwa sai ka rantse aro yake karɓowa. Tsofaffin unguwar sun ce sau biyu aka taɓa ganin haƙoransa, kuma ɗaya a ciki hamma yake yi.

Matarsa Lantana ita ta ɗauke masa nauyin magana, ta yi tata ta yi tasa, har ta rage ta gobe. Sun haifi 'ya'ya uku, ba wanda ya kai yaye. Daga nan gidan ya zama su biyu, ita tana faɗa shi yana saurare, kowa ya riƙe aikinsa da gaske.

A bazarar 1953 gobara ta shiga unguwar. Gidajen lokacin jinka ce da dangar kara, rijiyar unguwa kuma mai zurfi ce, guga ɗaya take ɗauka. Kafin a jawo guga goma wuta ta gama abin da ya kawo ta. Da toka ta huce, mai unguwa Maccido ya tara maza a ƙofar gidansa aka yi shawara. Wani mai mota ya ba da duro shida da aka juye man fetur daga ciki, aka wanke su da toka, aka shafa musu jan fenti, aka rarraba su a unguwar. Na farko a bakin masallaci, na shida a ƙofar gidan Mode. Saura wanda zai cika su ya kuma tsare su.

Mai unguwa ya bi fuskokin mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Yana neman wanda ba shi da abokin wasa, ba shi da surukin da zai ji wa kunya, ba a kuma taɓa jin ya ce wa wani "ba komai" ba. Bai wahala ba.

"Mode," in ji shi, "ruwan ga na wuta ne. Ba na sha ba, ba na alwala ba, ba na biki ba. Ko ni ka gani da moɗa, kore ni."

Mode ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin shekara bakwai ta yi tana aiki.

Garwa goma sha ɗaya ke cika duro. Kwana biyu Mode ya yi yana zirga-zirga tsakanin rijiya da durorin har suka cika maƙil, ya ɗora wa kowanne guntun zana, ya koma kan tallarsa. Mako bai zagayo ba sai ga Malam Haruna duba-gari, mai yawon leƙa randuna da masai don tsabta. Ran Talata yake zuwa, da kaki da gajeren wando da malafa, littafi a hammata, ludayi mai dogon hannu a hannu, ga gashin baki ya murɗe shi ya yi tsini dama da hagu. Ya ɗaga zana, ya tsoma ludayi, ya ɗago shi cikin rana. 'Ya'yan sauro ne ke ta wutsil-wutsil a ciki, hankali kwance.

"A zubar," in ji Malam Haruna.

Aka zubar. Mode ya tafi wurin mai unguwa ya tsaya, tsayuwar da a wurinsa ita ce kai ƙara. Mai unguwa ya ce shi bai isa ya hana duba-gari aikinsa ba, amma in ya zubar, Mode ya cika. Haka kuwa aka yi, wata huɗu cur. Talata a zubar, Laraba da Alhamis a cika. Kowa a unguwar ya san cewa in wuta tana da wayo, Talata da la'asar za ta zo.

Malam Haruna ba mugu ba ne, shi ma abin ya dame shi. Wata Talata ya ja Mode gefe.

"Akwai dabara," ya ce. "Ka riƙa zuba kananzir kaɗan a saman ruwan, sai su mutu."

Mode ya dubi duro, ya dubi Malam Haruna. "Malam, ruwan kashin wuta."

"Na sani."

"In zuba mai kananzir."

"Haka littafi ya ce."

Sai Malam Haruna ya ce a zubar kawai.

Dabarar da ta yi aiki daga ƙauye ta zo. Mode ya tuna wata tsohuwar rijiya a garinsu wadda tarwaɗa ke zaune a cikinta tun kafin a haife shi, kuma ba a taɓa ganin ɗan sauro a ruwanta ba. Ran Juma'a da sassafe ya keta gari ya sauka gulbi, ya sami wani masunci dangin uwarsa, ya dawo da 'yan tarwaɗa shida a garwa, kowacce tsawon yatsa. Ya jefa ɗaya a kowane duro bai gaya wa kowa ba.

Talata ta zo. Malam Haruna ya tsoma ludayi a duro na shida ya ɗago, ruwa garau. Ya sake tsomawa, garau. Ya cire malafa ya leƙa da kansa, sai ga wata fuska ta taso daga ƙasa tana dubansa, ita ma da gashin bakinta dama da hagu. Sun daɗe suna kallon juna. Malam Haruna ya buɗe littafi ya bi shi shafi-shafi. Akwai kaji a ciki, akwai awaki, akwai juji da kwata, amma ba inda aka ambaci kifi. Ya rufe, ya gyara malafa, ya wuce gida na gaba. Kafin azahar matan unguwa sun raɗa wa tarwaɗar suna Duba-gari. Da maganar ta kai kunnen mai sunan bai ji haushi ba, murɗa gashin baki ma ya ƙara yi.

Shekaru suka yi ta tafiya, wuta ba ta zo ba. Kifayen sauran durorin biyar an yi ta sauya su. Kyanwa ta ci ɗaya, ɗaya ta yi tsalle ta faɗo, ɗaya kuma ta ɓace ranar da wani gida ya tashi da ƙamshin miyar da ba a saba ji ba. Mode ya san gidan, sai dai wata guda ya yi bai san hanyar gidan ba in ya ɗauko ruwa. Ta duro na shida ce ta zauna daram, har ta kai tsawon kamu, baƙa wuluk, kanta kamar tafin hannu. Duk mako yakan kwashe garwa biyu daga duron ya zuba wa bishiyar dogon yaron da ke ƙofar gida, ya mayar da sabon ruwa. Da la'asar sakaliya sai ya kife garwa ya zauna, ya ƙwanƙwasa duron sau biyu, tarwaɗa ta taso ya barbaɗa mata dusa ko gara. Maƙwabta sun rantse sun sha jin yana yi mata hira, hirar da Lantana ba ta samu rabinta ba a shekara talatin.

"Ka gaishe min da ɗan naka," takan ce daga cikin gida. "Tambaye shi ko ya biya allonai yau."

Sai dai kullum ta kankare tukunya takan ware ƙanzo a sakaina ta ajiye a bakin zaure, wai na kaji ne. Gidan kuwa ba kaza ko ɗaya. Ta san abin da ke zaunar da mijinta a gindin duron nan, ita ma abin yana cin ta, amma gara ta yi masa shaƙiyanci da ta yi kuka.

A kan ruwan kuwa Mode ba ya ji ba ya gani. Liman ya taɓa makara, butarsa ba komai, ya nufi duron bakin masallaci. Mode ya sha gabansa ya zuba masa daga garwar tallarsa. Uwar amarya ta roƙa, unguwar zoma ta roƙa. Mai unguwa da kansa ya taɓa fitowa da moɗa don ya gwada shi, Mode ya durƙusa ya gaishe shi da "ranka shi daɗe", ya karɓe moɗar, ya raka shi har gida.

To, daminar 1959 ta ɗauke da wuri. Da bazara ta kama, shekarar da ba a magana a zaure sai ta mulkin kai, rijiyar unguwa ta koma laka. Famfo ya shigo wasu sassan gari amma bai iso nan ba, inda ya isa kuma layin tuluna ya fi na masu jiran mota tsawo. Mata suka koma tafiya gulbi. Su fita bayan sallar asuba, su tona yashi su jira ruwa ya tsattsafo, su dawo rana ta take da tulu ɗaya a ka. Da sun shigo unguwa kuma, abin da ke fara yi musu maraba shi ne jan duro shida cike da ruwa.

Kai, an zagi Mode a shekarar nan! An ce ba shi da imani. An ce kifi na wanka, Musulmi na taimama da ƙasa. Shi kuwa ya doshi sittin, sahu biyu kawai yake iya yi zuwa gulbi a yini. Garwa ɗaya ta tafi mayar da abin da rana ta shanye a durori, sauran ukun ya raba wa tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu. Maƙwabciyarsu Hajjo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata rumbu ɗaya da akuya biyu, ta zo da ƙwarya tana roƙon abin da za ta ba awakin. Ya ba ta ragowar garwarsa, bai isa ba, ta nuna duro, ya girgiza kai. Da akuya ɗaya ta mutu, Hajjo ta tsaya a ƙofar gidansa ta faɗi abin da ba zan maimaita ba.

Gidan ɗan ga-ruwa kuwa ba mai kawo masa ruwa sai matar gida. Lantana ta bi mata gulbi da tulu, ga ciwon gwiwa. Wata rana ta dawo tana ɗingishi, ta sauke tulun, ta same shi a gindin duro.

"Malam, moɗa guda za ni ɗiba in wanke ƙahwata. Moɗa guda."

"Na wuta ne."

"Na san na wuta ne, ni ma a unguwar ga nike da anka yi shawara. Shekara bakwai, ka ga wutar?"

"Ba ta zo ba tukun."

"To ni hwa? Ni na zo. Ga ni gabanka."

Mode ya sunkuyar da kai. Ya so ya ce mata in ya ba ta moɗa ɗaya, gobe ba shi da bakin hana Hajjo, jibi kuma durorin sun zama na kowa. Maganar tana nan a cikinsa tsaf, hanyar fitowa ce ta rasa. Abin da ya fito shi ne, "Mai unguwa ya ce."

Lantana ta dube shi, ta ɗauki tulunta ta shige. Daga ranar ta daina yi masa magana. Takan ajiye masa tuwo ta ɗauke kwano, ba sannu ba madalla. Shirun Lantana ya fi fari tayar wa maƙwabta hankali, har ana leƙowa a ga ko lafiya. Shi kuwa abin ya dake shi ƙwarai. Ashe surutun nan da yake zaune a ciki shekara talatin shi ne gidan. Kwana goma sha tara aka yi haka.

Rana ta ashirin Talata ce. Bayan azahar wasu mafarautan gafiya suka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta a bayan ganuwa don su koro nama daga rami. Iska ta juya. Wutar ta bi karan gonaki a guje, ta haura inda ganuwa ta zube, ta kama dangar gidan farko.

Ihu ya tashi, aka yi kan durori. Abin mamaki, duk masu zagin nan kowa ya san inda duro mafi kusa da shi yake. Maza suka yi layi ana miƙa garwa da ƙwarya da daro hannu zuwa hannu, wasu suna yaye dangogi don wutar ta rasa abin takawa, wasu suna jiƙa jinkar da ba ta kama ba. Malam Haruna, da zagayensa ya biyo da shi, ya jefar da littafi ya shiga layi yana kamfata da malafa. Mata suka fito da tulunan da suka sha wuya a kansu da safe suka miƙa. Lantana kaɗai ta zauna a tsakar gida ta rungume nata.

"Lantana, kawo tulun!" wata ta ƙwala mata daga ƙofa.

"Wuta na da duro shida," in ji ta. "Wanga nawa ne."

Duro na ɗaya ya ƙare, na biyu da na uku suka bi shi. Wutar ta ja baya ta wajen masallaci, ta ɓullo ta gabas. Na huɗu da na biyar suka tafi. Sai iska ta ɗauko wani guntun kara mai ci ta aza shi bisa jinkar rumbun Hajjo. Bayan rumbun ɗakinta ne, bayan ɗakinta kuma gidaje ne a manne da juna har bakin kasuwa.

Layin ya kwararo ƙofar gidan Mode, sai kuma ya tsaya cak. Mode yana tsaye, hannunsa ɗaya a kan zanar duro na shida. Kowa ya san abin da ke ciki, kowa ya san gulbi na can ƙetaren gari, kuma ba sauran ruwa a unguwar. Ko Hajjo, da geronta na bana ke hayaƙi, ba ta ce komai ba. Tsayuwar ba ta fi ta numfashi uku ba, amma an gan ta.

Mode ya yaye zanar, ya tsoma garwa da hannunsa ya miƙa wa na kusa. Ya sake, ya sake. Bai bar kowa ya ɗiba ba, shi ya kwashe goma sha ɗayan nan. Da garwa ta fara kankarar ƙasan duro ya karkata shi, ya tare bakin da tafin hannu, ya tsiyaye ɗan abin da ya rage a ƙwaryar da Malam Haruna ya miƙo. Da wannan aka kashe bakin jinkar ɗakin Hajjo. Wutar ta ci ɗaki uku da rumbu biyu da dangogi ba adadi, ba ta ci mutum ba, ba ta kuma wuce nan ba.

Daga baya an yabi Mode, an ce dama kowa ya san mutumin kirki ne, maza suka taru suka cika durorin cikin kwana uku ba wanda ya aike su. Amma wannan daga baya ne. A lokacin kowa ta kansa yake, ana ta tonon toka ana kiran sunayen awaki. Kifayen durori biyar tuni an san inda aka yi da su. Mode ya zura hannu cikin duro na shida ya ɗauko tarwaɗarsa daga cikin laka. Tana buɗe baki tana rufewa, fatarta ta fara bushewa. Ya tuɓe rigarsa da ta jiƙe da gumi da feshin ruwa ya naɗe ta, ya tsuguna a gindin dogon yaro. Ya dubi hanyar gulbi, ya dubi rana, ya san ko da ƙuruciyarsa ba zai kai ta da rai ba.

"Allah dai ya kawo muku miya yau," in ji wani mai wucewa. Ba da mugunta ya faɗa ba.

Sai ga Lantana ta fito tana ɗingishi, daro a hannu ɗaya, tulu a kwankwaso. Ta ajiye daron a gabansa. Ta ɗaga tulun da ta hana wuta, wanda shi ne na sha da na tuwo da na alwalar gidan har gobe da rana, ta juye shi duka, ta girgiza shi har ɗigon ƙarshe.

"Sa shi mana," ta ce. "Ka tsaya kana kallona kamar yau munka haɗu."

Mode ya warware rigar ya saki tarwaɗar a ruwa. Ta kwanta a gefe ɗaya ba motsi. Su biyu suka sunkuya a kan daron, kafaɗa da kafaɗa, ba mai numfashin kirki. Can sai gashin bakin ya motsa. Ta kaɗa wutsiya, ta miƙe, ta zagaya daron sau ɗaya a hankali kamar mai duba ko da 'ya'yan sauro. Hawaye suka zubo wa Mode, bai ɓoye ba, bai kuma share ba.

Aka kira la'asar, an ma makara. Buta ba ko ɗigo. Mode ya matsa gefe ya buga tafinsa a ƙasa ya yi taimama, Lantana ma ta yi tata a bakin zaure, ga daro cike da ruwa a tsakaninsu. Ta kakkaɓe hannu, ta miƙe da ƙyar tana dafe gwiwa.

"In ka sallame," ta ce, "ka hwaɗa ma ɗan naka gobe shi za shi tahi gulbi da tulun ga. Ni ƙahwata ta gaji."

Hajjo tana tsaye a inda dangarta take a da, Malam Haruna yana matse malafa, mutum biyar ko shida suna nan kusa, duk sun shaida. Ranar ce ɗayar da aka ga haƙoran Mode ba hamma yake yi ba.